Me ya sa farin kabejina ya yi ganye bai yi kai ba?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. A Kano nake zaune, ina da ɗan fili a bayan gida inda nake shuka salak da tumatir da alayyafo, kuma suna yi min kyau. Bana na sayi irin farin kabeji na zuba a farkon Janairu, na dasa a tsakiyar Fabrairu. Ganye ya yi kyau, amma da Maris ya shiga sai wasu suka fito da ɗan kai da bai fi lemon tsami ba, ya yi rawaya ya wargaje, wasu kuwa ko kan ba su yi ba. Ga tsutsa duk ta huhhuda ganyen. Shin ƙasarmu ce ba ta karɓarsa, ko akwai abin da ban yi daidai ba?"

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya yi wa lambun albarka. In na fahimce ki, abu uku ne suka dame ki: wasu sun yi kai ƙanana marasa kyau, wasu ba su yi ba sam, sannan ga tsutsa. Ki kwantar da hankalinki game da ƙasa. Ƙasar da ta ba ki salak da tumatir za ta ba ki farin kabeji. Lokaci ne ya kuɓuce miki: kin zuba iri a watan da ya kamata a ce kina yanka. Wannan ne tushen matsalar, sauran duk rassa ne.

Yadda kan yake samuwa

Farin kabeji da kabejin da muka saba da shi jinsi ɗaya ne, asalinsu ƙasashen gaɓar tekun Bahar Rum, inda ake ruwa a lokacin sanyi. Amma abin da ake ci a jikinsu daban ne. A kabeji ganye ne yake naɗewa ya dunƙule. A farin kabeji kuwa, farin dunƙulen nan tarin kawunan fure ne da suka tsaya ba su buɗe ba. Shi ya sa kabeji yake da haƙuri, ko da zafi ya ɗan taɓa shi zai naɗe, shi kuwa wannan ba ya yafiya.

Shukar tana rayuwa ne mataki biyu. Da farko aikinta ganye kawai, tana tara su tana faɗaɗa su. Idan ta kai wani girma, kuma ta ji sanyi na 'yan makonni, sai idon da ke tsakiyarta ya daina fitar da ganye ya koma haɗa kai. Daga ranar da ta juya, ba ta ƙara sabon ganye, wanda ta tara shi ne zai ciyar da kan har ya cika. Saboda haka girman kai yana bin yawan ganye da faɗinsa a ranar juyawa. Yanayin da kan ya fi so shi ne digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas. Idan zafin yini da dare ya tsaya sama da 25 ko 27, yawancin iri ko dai su ƙi juyawa, ko su yi kai sakwa-sakwa mai gashi-gashi, da ƙananan ganye suna kutsowa ta cikinsa.

Yanzu ki auna wannan da yanayin Kano. A Disamba da Janairu dare yakan sauko wajen digiri 13 ko 14, rana kuma ta tsaya kusa da 30, ƙurar hunturu tana rage mata kaifi. Daga ƙarshen Fabrairu sanyi ya fara ban kwana, Maris da Afrilu kuwa ana maganar 37 zuwa 40 da rana. Naki sun sha sanyin Janairu suna jarirai a wurin reno. Waɗanda suka girmi 'yan'uwansu, suka matsu a fangalin reno har kusan mako shida, sun juya da wuri da ganye kaɗan, su ne suka ba ki kai kamar lemon tsami. Waɗanda ba su juya ba kuma, da suka isa juyawa sanyi ya riga ya wuce, sai suka ci gaba da ganye. Rawayar da kika gani rana ce ta daki kan, wargajewar kuma zafi ne ya sa rassan furen suka fara miƙewa.

Akwai dalili na biyu da yake hana kai, kuma tunda kin ambaci tsutsa ina zarginsa. Ki buɗe tsakiyar waɗanda ba su yi kai ba ki duba. Idan kin ga babu ido, sai manyan ganye masu kauri da duhu, ko kin ga 'yan rassa da yawa sun fito daga gefe, to tsutsa ce ta cinye idon tun shukar tana ƙarama. Irin wannan ko a Jos take ba za ta yi kai ba.

Lissafin baya-baya

Mutanen Jos suna samun farin kabeji a yawancin watannin shekara saboda tudun nasu ya kai wajen mita 1,200 daga teku, dare da sanyi kusan kullum. Shi ya sa ake ganinsa a kasuwar Farin Gada, daga can kuma ake lodinsa zuwa sauran birane. Kano ba ta kai mita 500 ba. Mu taga ɗaya muke da ita a shekara, daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu, kuma dole haɗa kai ya faɗo a cikinta. Don haka daga nan ake fara lissafi a koma baya.

Irin da ke saurin nuna yana ɗaukar kwana 50 zuwa 65 daga dashe zuwa yanka, matsakaici kuma 70 zuwa 85. Reno yana cin mako huɗu. Idan kina son yanka a Janairu, ki dasa daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, wato ki zuba iri daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, daidai lokacin da ruwa ke ɗaukewa. Na san za ki ce ai Oktoba akwai zafi. Haka ne, amma ƙaramar shuka mai aikin ganye tana jure zafi muddin da ruwa da 'yar inuwa, har ma ɗumin yana sa ta saurin tara ganye. Sanyi ya same ta ta riga ta cika, shi ake so. Ni a lambuna nakan raba zubin biyu, tsakaninsu kwana goma zuwa mako biyu, domin hunturu ba ya zuwa rana ɗaya kowace shekara, kuma gida ba ya iya cinye kai ashirin a mako guda.  Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa sai a riƙe iri mai saurin nuna kawai.

Game da iri, kar ki saya don hoton da ke jikin fakiti. Ki duba kwanakin nuna, ki kuma tambayi mai shago ko na wurare masu zafi ne. Wannan rukuni yana da tarihi: Turawan Ingila sun kai farin kabeji Indiya a 1822, manoman can suka yi ta zaɓen wanda ya jure musu zafi har aka samu irin da ke haɗa kai a digiri 20 zuwa 27, daga baya cibiyar binciken noma ta Pusa da ke Delhi ta fitar da irin su Pusa Katki da Pusa Deepali. Yau Indiya da Sin su ne kan gaba a nomansa a duniya, kuma da yawa daga cikin irin aure, wato wanda aka samu ta haɗa iri biyu, da ake sayar wa ƙasashe masu zafi daga wannan jini suke. Dangin Snowball, wanda na fi cin karo da shi a shagunan iri, ya fi son sanyi sosai. Yana yi a Kano idan an dace da tsakiyar hunturu, amma ba ya ɗaukar makara. Iri kaɗan kike buƙata, giram ɗaya yana da ƙwaya wajen 300. Idan kin ga F1 a jikin fakiti, wato alamar irin aure, kar ki wahalar da kanki ajiye iri, 'ya'yansa ba sa bin uwa.

Reno da dashe

Doka ɗaya ce take tafe da wannan shuka daga tsiro har yanka: kar girmanta ya tsaya ko na kwana uku. Ƙishirwa, yunwa, matsi, jijjiga saiwa, duk abin da ya tsayar da ita zai bayyana a kan.

Tunda gida ne, na fi so ki yi reno a ledar ruwa da aka huda ƙasanta ko a ƙananan kofuna, ƙwaya biyu a kowanne, daga baya ki bar mai ƙarfi. Ki haɗa ƙasa mai laushi kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, ki tankaɗe. Zurfin shuka kamar santimita ɗaya. Cikin kwana biyar zuwa bakwai za ki ga tsiro. Ki ajiye su inda rana ta safe take samu, ki kare su daga ta tsakar rana da 'yar rumfar zana, sannan ki rufe su da tsohon gidan sauro tun daga ranar farko. Ruwa da safe, kaɗan, kar ƙasa ta jiƙe sharkaf, domin danshi mai yawa shi ke sa ƙasan kara ya tsuke ya yi baƙi, tsiron ya kife.

Da sun yi ganye huɗu zuwa biyar, wato mako huɗu, su fita. Kar su wuce mako biyar. Kwana uku kafin dashe ki janye rumfar a hankali su saba da rana. Ki dasa da la'asar sakaliya, da ƙasarsu a jikin saiwa, ki danne gefe, ki shayar nan take. Duk wanda kika ga kararsa ta yi tauri ko idonsa ya lalace, ki jefar, kar tausayi ya sa ki ba shi wuri. Tazara santimita 50 zuwa 60 ta kowane gefe. Mutane suna ganin wannan ɓarnar fili ce idan shukar tana ƙarama, amma ganyen nan zai baje ya rufe ko'ina. Fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita uku, guda goma zuwa goma sha biyu zai ɗauka. Idan a buhu ko bokiti za ki yi, ɗaya ɗaya, kuma bokitin kar ya gaza lita 20. Wurin ya samu rana aƙalla awa shida, amma in katanga tana tare masa ranar yamma, hakan alheri ne.

Ci da sha

Farin kabeji mai ci ne ƙwarai. Mako biyu kafin dashe ki kafce fangalin da zurfi, ki zuba ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki bokiti ɗaya a kowace murabba'in mita. Kashin kaji ya fi ƙarfi, rabin haka ya isa, kuma sai wanda ya huce, ɗanye yana ƙona saiwa. Kwana goma bayan dashe ki ba kowace shuka kamfa, wato NPK 15:15:15, cikin murfin kwalbar lemo biyu, ki binne shi nesa da kara da faɗin tafin hannu, ki bi da ruwa. Bayan mako biyu zuwa uku ki ƙara yuriya murfi ɗaya, ki jawo ƙasa ki tallafi gindin. Da zarar kin ga kai ya leƙo, ki dakatar da yuriya, domin yawanta a lokacin yana sa kai ya yi sako-sako, kara kuma ta yi rami.

Ramin kara yana da wani dalilin da ya kamata ki sani, musamman idan ƙasar gidanki jigawa ce. Wannan shuka tana buƙatar sinadarin boron fiye da yawancin kayan lambu, rairayi kuma ba ya riƙe shi. Alamarsa ita ce kai ya yi tabo ruwan ƙasa, ya yi ɗaci, in an tsaga kara a ga rami. Takin gargajiya mai yawa yakan wadatar. In alamar ta bayyana, ana gyarawa da boraks, wani farin gari mai ɗauke da boron, kamar giram ɗaya kacal a murabba'in mita, a narka a ruwa a yayyafa. Kar a wuce haka, tsakanin magani da guba a nan tazarar kaɗan ce. Idan kuma kin ga sabon ganye yana fitowa siriri a murɗe, kusan jijiyar tsakiya kawai, ƙasar ta cika tsami ne, shukar ta kasa jan wani sinadari da ake kira molibdenam. 'Yar tokar murhu da aka gauraya da ƙasa kafin dashe tana taimakawa. Daga nesa ba zan iya yanke hukunci a kan ƙasarki ba, shukar ce za ta nuna miki, amma tunda tumatir yana yi, ba na tsammanin za ki gamu da wannan.

Saiwarsa ba ta nisa, iskar hunturu kuma tana busar da ƙasa fiye da yadda ido ke gani. A jigawa ban ruwa kullum ne, a ƙasa mai laka kuwa bayan kwana biyu. Ki tura yatsa cikin ƙasa, in gaɓa biyu sun fito a bushe to kin makara. Ki zuba a gindi, ba a kan ganye ba, ki shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a kewaye. Abin da ya fi cutar da shi shi ne a bar shi ya yi yaushi yau, gobe a cika shi da ruwa.

Tsutsa

Ƙananan hudojin da kika gani, waɗanda wasunsu ke da siririyar fata kamar taga, aikin wata 'yar koriyar tsutsa ce da ba ta wuce santimita ɗaya ba. Ki taɓa ta za ki ga ta yi wutsil-wutsil da baya ta sauko a kan zare. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka da ke yawo da magariba, yana saka ƙwai a bayan ganye. A lokacin zafi mako biyu zuwa uku ya ishe ta daga ƙwai zuwa uwa, shi ya sa a Maris ta fi ƙarfinki. Wannan ma wani amfanin shuka da wuri ne, sanyi yana rage mata gudu. Ƙwaro ne da ya shahara a duniya wajen gagarar magani, tun a 1953 aka tabbatar maganin ƙwari na DDT ya daina kashe shi a tsibirin Jaba na Indonesiya, kuma har yau duk maganin da aka nace masa da shi sai ya saba. Tsutsa ta biyu, wadda na fi tsoro, tana shiga cikin ido ta yi saƙa kamar ta gizo-gizo ta cinye shi, ita ce mai makantar da shuka. Ga kuma darɓa da ke taruwa a bayan ganye idan iska ta bushe.

A lambun gida ba na son a fara da maganin kanti, abinci ne da yara za su ci, kuma kan yana da lunguna da ke riƙe magani. Gidan sauro da aka ɗora a kan sanduna, aka danne gefensa da ƙasa, ya fi kowane feshi, kuma shukar ba ta buƙatar ƙudan zuma balle a ce an tare su. Bayan haka sai ido: sau biyu a mako ki juya ganye ki murƙushe abin da kika gani, shuka goma sha biyu ba ta wuce minti goma. In abin ya yi yawa, ki daka ƙwayar 'ya'yan darbejiya giram 40 zuwa 50, ki jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, ki tace da ƙyalle, ki narka ɗan sabulu a ciki, ki fesa da yamma har bayan ganye da cikin ido, duk mako. Ba ya kashewa nan take, hana su ci da girma yake yi, don haka a fara da wuri. Akwai kuma magani mai suna Bt, na ƙwayar halitta, tsutsa kawai yake kamawa, in kin samu yana da kyau a riƙa musanya shi da darbejiya. In har sai kin yi amfani da na kanti, ki bi kwanakin jira da aka rubuta a jikinsa, kuma ki daina da zarar kai ya fito.

Cuta ba ta cika damun mai noman rani ba. Wadda za ki lura da ita ita ce rawaya da ke farawa daga bakin ganye tana shiga ciki da tsini, jijiyoyi suna yin baƙi. Iri ne yake kawo ta, fantsamar ruwa tana yaɗa ta. Ki tsinke ganyen ki fitar da shi daga lambu, kuma kar ki maimaita kabeji ko danginsa a fangali ɗaya sai bayan shekara biyu zuwa uku.

Rufe kai da yanka

Daga mako na biyar bayan dashe ki riƙa leƙa tsakiya. Da kai ya kai girman ƙwan kaza, ki tattaro manyan ganye uku ko huɗu ki ɗaure su a sama da zare ko ƙyalle, sako-sako yadda iska za ta shiga kuma kan ya samu wurin girma. Wasu sukan karya jijiyar ganye ɗaya su kifa shi a kai, wannan ma yana yi, sai dai iskar hunturu tana yawan ɗage shi. Ki yi ɗaurin da rana bayan raɓa ta bushe. Ranarmu kwana biyu ya ishe ta mayar da fari rawaya. Ba ya hana ci, amma ɗanɗanon yana ƙara kaifi.

Daga ɗauri zuwa yanka mako ɗaya ne zuwa kwana goma sha biyu, in da ɗumi ya fi sauri. A nan ne kwaɗayin ƙarin girma yake jawo asara. Ki duba kullum, da kin ga kan ya cika, ya yi tauri, fuskarsa a haɗe, ki yanka ko da faɗinsa bai wuce santimita 12 ko 15 ba. Da gefensa ya fara rarrabuwa ya wuce lokacinsa, kuma ba ya komawa. Ki yanka da sassafe tare da 'yan ganyen da ke kewaye da shi. A firji yana yin mako ɗaya zuwa biyu, a waje kuwa kwana biyu ko uku. Kafin girki ki jiƙa shi a ruwan gishiri minti goma, duk tsutsar da ta ɓuya za ta fito. Kowace shuka kai ɗaya take bayarwa, bayan yanka sai a tuge.

Waɗanda suke fangalinki yanzu, gaskiya ba za su gyaru ba, ruwa da taki ba sa maye gurbin sanyi. Amma kar ki zubar da su haka nan. Ƙananan kawunan ki yanke su shiga miya ko shinkafa, ganyen masu taushi kuma ana cin su kamar na kabeji, suna yin kyau a dambu da kwaɗo in an ɗan tafasa. Sauran ki tuge har saiwa, ki ba dabbobi ko ki binne da zurfi don kar tsutsa ta ci gaba da hayayyafa a wurin. Fangalin ki sa masa kuɓewa ko alayyafo ko wake su ci bazara da damina, na farin kabeji kuma ki zaɓi wani gefen, ki fara tara masa taki tun watan Agusta. Ragowar irin da ke hannunki, ki zuba shi a kwalba mai murfi ki ajiye a ƙasan firji, zai kai Satumba lafiya, amma ki gwada ƙwaya goma a jiƙaƙƙen ƙyalle mako guda kafin zubi. In bakwai ba su tsiro ba, ki sayi sabo.